Kada Sabunta Manhaja Ya Sa Mu Bar Ƙofa a Buɗe

'Yan'uwana ɗalibai masu amfani da Linux, ina so in ja hankalinmu kan wata ɗabi'a da nake ganin tana da haɗari. Da zarar an sabunta manhaja, wata folda ta ƙi buɗuwa, sai mutum ya buga chmod 777. Wannan lamba tana ba kowa izinin karantawa, rubutawa da shiga foldar. A ganina, ba gyara ba ne, gudun gara ne a faɗa gidan zago.

Ya kamata mu san yadda abin yake aiki. A tsarin Debian, idan aka sabunta manhaja, dpkg yakan daidaita mai mallakar fayil da izininsa, amma ba ya taɓa foldar da ya tarar a kwamfuta. Sai in masu haɗa manhajar sun rubuta umarni na musamman.

Kuskure a nan ba ƙaramin abu ba ne. A shekarar 2016 an gano cewa foldar ajiye rahotannin Nginx a Debian tana hannun www-data, wanda hakan zai iya ba mai kutse cikakken ikon kwamfutar. Sai da aka mayar da mallakarta hannun root.

Saboda haka shawarata ita ce, mu duba da ls -ld kafin sabuntawa da bayanta, mu kuma ajiye canjin da muka yi da dpkg-statoverride. Rigakafi ya fi magani. Allah ya sa mu gane.