Makamashi daban, kuzari daban

A bakin Bahaushe, makamashi shi ne abin da wuta ke kamawa: itace, kara, gawayi. Yau masu fassara sun ɗora wa kalmar kaya na biyu, har ƙarfin da ke fita daga ƙonewa ma makamashi suke ce masa. A labaran rediyo wannan ba ya ɓarna. A ajin kimiyyar sinadarai kuwa yana iya ɓad da ɗalibi, ya ɗauka zafi wani abu ne da ke kwance cikin gawayi yana jiran a buɗe masa ƙofa.

Idan gawayi ya kama, ƙwayoyin kabon ne ke haɗuwa da oksijin na iska. Kafin su haɗu sai an kwance tsohon ɗaurin da ke riƙe da su, kwancewar kuwa cin ƙarfi take yi. Shi ya sa gawayi ba ya kamawa sai an sa masa wuta. Ƙulla sabon ɗauri ne ke sakin ƙarfi, fiye da wanda aka ci, rarar kuma ita ce zafin da ke dafa tuwo. Giram 12 na kabon, in ya ƙone sarai, yana ba da kusan kilojul 394. A toshe iska, wuta ta mutu, alhali gawayin yana nan.

Magini ma shaida ne. Simintin Malbaza da aka kwaɓa da ruwa yakan yi ɗumi yayin da yake ƙanƙarewa, babu wuta, babu abin da ya ƙone. Malamin da ke da kalma ɗaya tal, yaya zai bayyana wannan ɗumi?

Ya dace a bar wa makamashi ma'anarsa ta asali, a ba ƙarfin sunan kuzari. Wani zai ce kuzari na jiki ne. To, tun shekarun 1780 Lavoisier da Laplace suka nuna a Faransa cewa numfashin dabba ƙonewa ne a hankali. Kuzarin manomi da zafin murhu tushensu ɗaya.

A 2025 Nijar ta ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa, littattafan kimiyya kuma sai an rubuta su. Kalmar da ta shiga littafin farko da wuya ta fita. Ya kamata masana harshe su zauna da malaman sinadarai tun kafin a kai rubutu maɗaba'a.