Tsarabar Tsibirin Man: Ado Kawai Ce?

Yayata da ke aikin jinya a Tsibirin Man, wanda ke cikin teku tsakanin Ingila da Ayalan, ta aiko mini da wani ɗan ƙyalle mai ɗinkin hannu. A jikinsa an zana masu rawa biyu sun haɗa hannuwa sama, wasu biyu na sunkuyawa suna wucewa ta ƙasa, ga kuma wata fitila mai idanu da baki a gefe. Da ganinsa abokan ɗakina suka ce ai kayan Halowin ne na Amurkawa. Nan muka yi ta musu har dare ya raba.

'Yan'uwa ɗalibai, bikin da ƙyallen ke nunawa sunansa Hop-tu-Naa. Ana yin sa daren 31 ga Oktoba, jajiberin shigowar hunturu a tsohon lissafin mutanen tsibirin. Yara ba kabewa suke fafewa ba, tanif ne, wata saiwa mai taurin tsiya. Sukan sa haske a ciki, su bi gida-gida suna waƙa ana ba su 'yan kuɗi ko alewa. Rawar kuwa tana cikin waɗanda Mona Douglas ta tattara daga bakin tsofaffi a ƙarni na 20.

Wani abokina ya kawo hujja mai nauyi. Ya ce masana da kansu sun yi ta muhawara kan ko wasu raye-rayen Mona Douglas ce ta cike giɓinsu da kanta, don haka ƙyallen hoton abin da aka ƙago ne. Ban musa muhawarar ba. To amma a nawa ganin, rigar da aka yi wa faci ta fi wadda aka jefar. Ku dubi harshensu. Ned Maddrell, na ƙarshe cikin waɗanda suka tashi da harshen Manks tun daga tsumma, ya rasu a 1974. A 2009 UNESCO ta ce harshen ya mutu, sai yaran makarantar firamaren da ke koyarwa da shi, wadda aka buɗe a 2001, suka rubuta mata wasiƙu cikin harshen. Dole ta gyara maganarta. Yaran nan a aji suka koya, kamar yadda ni ma na koyi Hausa a aji. Wa zai ce bakinsu jabu ne?

Inda na yarda da abokina guda ɗaya ne: ƙyalle ba ya waƙa. Fitilar tanif kwana kaɗan take yi ta ruɓe, ƙyallen kuwa zai shekara goma a bango, amma in mai shi bai san ko sunan rawar ba, to da shi da kalanda duk ɗaya. Ni kaina sai da na kwana biyu ina tambaya kafin na iya furta sunan daidai.

Na riga na roƙi Yaya ta naɗo mini muryar yaran unguwarsu idan Oktoba ta zagayo.