Masassaƙan Madarunfa da shingen takardun fitar da kayan itace zuwa ƙetare

Turmi da taɓarya, akushi, muciya da allon karatu na daga cikin kayan da 'yan Nijar mazauna Turai da Amurka ke aikowa a sayo musu daga gida. Ga masassaƙan gundumar Madarunfa da ke jihar Maradi, wannan kasuwa ce mai tsoka, sai dai shigarta na ƙara wuya, kuma matsalar ta fi yawa a wajen takardu.

Tushen lamarin shi ne yarjejeniyar CITES mai sa ido kan cinikin namun daji da tsirrai tsakanin ƙasashe. Daga farkon 2017 aka sanya madobiya, wadda 'yan katako ke kira madrid, cikin itatuwan da ba a fitarwa sai da izini, bayan saran da aka yi mata don kasuwar China. A taron Panama na Nuwamban 2022 kuma aka ƙara madaci da kawo na Afirka, matakin da ya fara aiki a Fabrairun 2023.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, ƙa'idar ta shafi gungume, katako da makamantansu ne, ba kayan da aka gama sassaƙawa ba. Ke nan turmin madaci ba ya buƙatar wannan izini. Amma jami'in duwan na iya riƙe kaya har sai ya gamsu da nau'in itacen, kuma a nan ake barin ƙaramin mai sana'a a baya. Amurka, a ƙarƙashin dokar Lacey da aka faɗaɗa a 2008, na neman sunan kimiyya na itacen da ƙasar da aka sare shi a kan kayan itace da dama. Tarayyar Turai kuwa ta kafa doka a 2023, wadda aka yi ta ɗage fara aiki da ita, mai neman a nuna ainihin wurin da aka sari itacen, da hujjar cewa ba a share daji a wurin ba bayan ƙarshen 2020. Hatta akwatin katakon da za a zuba kayan sai an gasa shi ko an yi masa hayaƙin magani, an kuma buga masa hatimi.

A Madarunfa wannan hujja ba ta da sauƙin samu. Dajin Baban Rafi na fama da saran itacen girki da kuma 'yan bindiga, sannan iyaka da jihar Katsina na da hanyoyi barkatai ban da Ɗan Isa. Masassaƙin da ya sayi kututture a hannun dillali bai san gindin bishiyar ba, balle ya rubuta.

Siyasa ma ta ƙara nauyi. An cire Nijar daga shirin AGOA na rangwamen haraji a Amurka daga Janairun 2024, kuma rufe iyaka da Benin ya karkatar da kaya zuwa tashar Lome ta cikin Burkina Faso, hanyar da ta fi tsawo da tsada.

Sai dai Nijar na da abin da za ta ɗora a kai. Tun 1992 take da tsarin kasuwannin itace na karkara, inda ake yanka wa mai jigila takardar da ke nuna inda kayansa suka fito. Idan hukumar gandun daji ta faɗaɗa shi ya haɗa da itacen sassaƙa, aka rubuta sunan bishiya da wurin sara, masassaƙa kuma suka haɗu a ƙungiya suna aika kaya a dunƙule, kuɗin takardu zai ragu a kan kowa. In ba haka ba, dillalan manyan birane masu iya cike takardu ne za su ci gaba da kwashe ribar, a bar mai gizago da ladan gumi.