Mun Ci Jarrabawar Maganaɗisu, Bawul Ya Gagare Mu

A hutun da ya wuce injin wankin yayata a Dutsin-Ma ya daina shan ruwa. Aka aiko Birchi wai in zo, tunda ni ne "injiniyan" gida. Wallahi tsayawa na yi ina kallonsa. Wani yaro mai gyaran fanka ne ya kwance tiyo, ya zaro 'yar rariyar da ke bakin bawul ɗin. Ashe yashin rijiyar burtsatse ne ya toshe ta. Da tsohon buroshin haƙori ya gama aikin.

'Yan uwa, bawul ɗin nan fa naɗin waya ne kawai. In wuta ta shiga sai ya zama maganaɗisu, ya ja ɗan ƙarfe, ruwa ya wuce. In ya ƙi, a zare soket, a duba rariya, a duba ko tanki ya yi ƙasa har ruwan ba ƙarfi. Sannan a auna naɗin da mita. In ya katse, sai sabo.

Duk wannan mun rubuta shi a ND1, amma ba mu taɓa riƙe bawul ba. Ƙungiya ta roƙi sashenmu ya tara matattun injunan wanki, ko guda 3, mu riƙa kwancewa ranar Asabar.