Mu Duba Bayan Mota Kafin Mu Loda Shanu

Ina da ƙorafi, kuma a kanmu ne mu ƴan kara, ba a kan direbobi kaɗai ba.

Mutum zai yini yana duba haƙoran sa, ya taɓa tozo, ya ja wutsiya, ya yi ta ciniki kan jaka biyar. In an zo lodi kuwa, sai ya zuba shanu talatin cikin kamiyon da bai ko zagaya bayansa ba.

Bara, tsakanin Tsarnawa da Ƙonni, bayan isha'i, muna bin wata babbar mota. Ta tsaya, ba wata jar wuta da ta kama. Direbanmu ya taka birki da ƙarfinsa, Allah ya kiyaye ba mu daka ta ba. Amma shanu ba su da abin riƙewa. Duk suka zube gaba, bijimai biyu suka faɗi, sauran suka hau kansu. Ɗaya sai wuƙa, nan bakin hanya, mahauta suka saye shi yadda suka ga dama. Ina cikin zagin mai waccan mota, yaron motarmu ya ce, "Alhaji, ai tamu ma ba ta kamawa." Wallahi kunya ta rufe ni.

To mene ne ke kashe fitilar nan? Galibi ƙwai ne ya ƙone, ko fis, ko ɗan makunnin da ke aiki in an taka birki. Motar shanu kuma tana da nata ciwon: fitsari na bin katako ya ci waya, kashi ya shafe gilashin. Wani lokaci tsumma da ruwa kawai ake bukata.

Shi birkin kansa na iska ne. In an kashe mota ka ji tana huci ba tsayawa, iska na zurara. Tankin kuma yana tara ruwa, sai ana zubarwa kullum.

Na san za a ce aikin mai mota ne. Haka ne. Amma mu ke matse kuɗin lodi har direba ya rasa na gareji, mu ke cewa a kama hanya da dare don a riski kasuwa.

Shawarata ga shugabanninmu: kada a saukar da ƙofar lodi sai an sa direba ya taka birki, mai shanu na tsaye a baya yana gani. Ni dai tun daga ranar haka nake yi. Direbobi biyu sun yi fushi, ɗaya ya aiki yaronsa sayen ƙwai.