Fenti Ba Shaida Ba Ne

Abin takaici ne mai babbar mota ya zuba miliyoyi a tsohon injin Mercedes 911 bisa rantsuwar dillali da ƙyallin sabon fenti. Takardu ma ba hujja ba ne, domin motar da ta shekara arba'in a hanya da wuya ba a sauya mata inji ba. Shaidar tana jikin bulok, ƙarƙashin tsatsa da baƙin mai, inda masu saye ke ƙyashin kankarewa. Lambar da ta fito tun wurin zubin ƙarfe ta bulok ɗin ce kaɗai. Wadda aka buga daga baya ita ke faɗin irin injin. Faɗin silindar OM352 milimita 97 ne, na magajinsa OM366 kuwa 97.5. Wannan rabin milimita ya isa ya mai da sabbin fistin da ringi asara.