Hausarmu ta kasuwa ce kawai ta rage?

'Yan uwa matasa, ku gwada wani abu yau: ku faɗi lambar wayarku da Hausa, daga farko har ƙarshe. Da yawanmu ba mu kai tsakiya sai bakinmu ya zame zuwa Faransanci.

A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. An yi ta murna a Facebook, rabin murnar ma da Faransanci aka rubuta ta. Ni dai a ganina takarda ba ta maida wa mutum kalmar da ta ɓace mishi.

Harshe ba ya tafiya rana ɗaya. Kunne yana nan, kana jin komi. Baki ne ke fara nauyi, kuma inda ba ka taɓawa nan yake fara ci. Shi ya sa a kasuwa ba mu da matsala, dala da jikka suna zuwa da kansu, kullum muna cikinsu. Amma a ce ka yi bayanin kasafin kuɗin magajin gari, ko haƙƙin wanda aka tsare, sai "donk" da "paske" su cika zancen. Tun daga lakwal da Faransanci muka koyi waɗannan abubuwa, ba mu taɓa juya su da Hausa ba, duk da cewa tun 1973 aka fara gwada karatu da harshen gida a Damagaram.

Ga inda abin ke mana ciwo mu 'yan ƙungiya. Mu je ƙauye wayar da kai, dattijo ya saurara cikin ladabi, ya ce "to, madalla", ya tashi bai ɗauki komi ba. Mu kuma mu rubuta rahoto cewa taro ya yi armashi.

Kuma kada mu manta, abin da Faransanci ke yi wa Hausa, shi Hausa ke yi wa wasu. A Damagaram akwai jikokin Barebari da kaka ke yi musu Kanuri su amsa da Hausa. Haka Fulatanci a Maraɗi, haka Buzanci a Tawa.

Shawarata ga kowace fada: dare ɗaya a mako, a ɗauki batu mai nauyi, haraji ko shari'ar gona, a tattauna shi ba Faransanci har shayi na uku. Kalmar da ta gagara a rubuta ta, a kai wa tsofaffi ko ma'aikatan rediyo. A fara da lambar waya.